Tarihin Yalon Kati da Kuɗin da Aka Zuba a Yaba



Duk wanda ya taɓa shirin sauke farali, ko ya ɗauki kaya zai tsallaka Seme zuwa Kwatano, Lome ko Ankara, ya san takardar nan ruwan ɗorawa da ake saƙalawa cikin fasfo. Yalon kati muke ce mata. Da yawanmu mun ɗauke ta wata ƙa'ida ce kawai ta ma'aikatan bakin iyaka, har akwai masu miƙa 'yan kuɗi a rubuto musu katin ba tare da allura ta taɓa jikinsu ba. A wannan fitowar ina so mu bi sawun katin nan zuwa asalinsa, don asalin nasa yana kusa da mu ƙwarai. Idan ka hau jirgin ƙasa a tashar Agege, ka wuce Ikeja da Oshodi da Mushin, sai Yaba. A Yaba aka kafa sansanin binciken da ya kai ga samun wannan allura, kuma da kuɗin wata gidauniya aka kafa shi.

Shawara kafin a san kanta

Mu a Hausa duk ciwon da ya sa ido ya yi ɗorawa shawara muke ce masa, har da na ciwon hanta. Wadda ake nufi a katin ita ce wadda sauro ke ɗaukowa. Takan fara da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon baya da amai. Bayan kwana uku ko huɗu sai mutum ya ji dama-dama, yawanci kuma daga nan suke warkewa. Amma wasu sai ta dawo musu da ƙarfi: ido ya rine, jini ya riƙa fita ta hanci da dasashi, aman ya koma baƙi. Cikin waɗanda suka kai wannan matakin, kusan rabi ba sa tashi. Har yau ɗin nan babu maganin da ke kashe ta idan ta kama mutum, sai dai a yi ta tallafa wa jiki.

A 1900, a tsibirin Kyuba, likitocin sojan Amurka ƙarƙashin Walter Reed suka tabbatar da maganar da wani likitan ƙasar, Carlos Finlay, ya daɗe yana yi, cewa sauro ne ke yaɗa ta. Wannan sauron daban yake da na zazzaɓin cizon sauro da muka saba. Da rana yake cizo, ƙafafunsa da ratsin fari, kuma a ruwa mai tsabta yake ƙwai: randa, duro, tsohuwar taya, gwangwanin da ruwan sama ya taru a ciki. An gane mai dakon, amma ba a san kayan da yake ɗauke da shi ba.

A 1913 attajirin man fetur na Amurka, John D. Rockefeller, ya ware wani ɓangare na dukiyarsa ya kafa gidauniya da sunansa. Ɗaya daga ayyukan da ta sa a gaba shi ne kawar da shawara daga duniya. Kada mu ruɗi kanmu cewa tsabar ƙaunarmu ce ta kawo su. An buɗe mashigin ruwan Panama a 1914, ana tsoron jiragen ruwa su kwashi cutar su kai ta ƙasashen Asiya, ga kuma Turawan mulki da na kamfanoni tana ta kashe su a bakin tekun nan namu. Lissafi ne na ciniki da mulki. To amma abin da ya fito daga lissafin ya wuce su, ya iso gare mu.

Sansanin Yaba da jinin Asibi

A 1925 gidauniyar ta turo ayarin likitoci Afirka ta Yamma ƙarƙashin Dakta Henry Beeuwkes. Suka kafa hedikwata a Yaba, wadda a lokacin bayan gari ce, suka buɗe reshe a Ankara ta ƙasar Gana. Shekarun nan su ne lokacin da kakanninmu fatake ke lodin huhun goro daga Gwanja a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya wuce da shi Kano, wasu kuma suna zaune a nan Agege suna sayen goron gonakin Yarabawa. Hanyar da goro ke bi, ita cuta ke bi.

Akwai wani babban likita ɗan Japan mai suna Hideyo Noguchi, ma'aikacin cibiyar Rockefeller a birnin New York. Shi ya riga ya shelanta cewa ya gano ƙwayar da ke kawo shawara, har an haɗa allura a kan maganarsa an yi wa dubban mutane. Likitocin Yaba suka yi ta ɗibar jinin majinyata suna neman ƙwayar da ya faɗa, ba su gan ta ba.

A ƙarshen watan Yunin 1927, Dakta Alexander Mahaffy ya ɗebi jinin wani saurayi ɗan shekara 28 a garin Kpeve na Gana, sunansa Asibi, yana kwance da zazzaɓi. Aka sa jinin a jikin wani irin biri da aka kawo daga Indiya, birin ya kamu ya mutu. Adrian Stokes da abokan aikinsa Bauer da Hudson suka ci gaba da gwaji, suka nuna cewa abin da ke kawo cutar ya fi ƙwayar Noguchi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, yana ratsa matatar da ke tare sauran ƙwayoyin cuta, kuma sauro na ɗaukar sa daga wannan biri zuwa wancan. Irin ƙwayar da yanzu ake kira bairos ce.

Aikin ya ci rayuka. Stokes ya kamu, ya mutu a nan Ikko a watan Satumban 1927. Noguchi da kansa ya taso ya zo don ya kare maganarsa, shi ma ta kama shi, ya mutu a Ankara a watan Mayun 1928. Kwanaki kaɗan bayansa William Young, shugaban ɗakin gwajin Ankara, ya bi shi. A 1930 wani matashin likita, Theodore Hayne, ya mutu a Ikko. Asibi kuwa ya warke ya koma harkarsa.

Ku lura da abu ɗaya a nan, 'yan uwa. Gidauniyar da kuɗinta ta biya aikin da ya rushe maganar babban likitan gidan Rockefeller. Da ta tsaya kan raba allurar Noguchi kyauta, da an yaba mata, da an sa ta a jarida, mutane kuma suna ta mutuwa. Ita kyauta ba ta amfanar da komai idan abin da ake rabawa ba ya aiki, kuma babu hanyar sanin yana aiki ko ba ya yi sai an gwada.

Aka kai ƙwayar da aka samo daga jinin Asibi New York. Can Max Theiler, haifaffen Afirka ta Kudu, da abokin aikinsa Hugh Smith, suka yi ta renon ta a tsokar ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, suna cirewa daga wannan kwalba zuwa waccan fiye da sau ɗari, har ta yi laushi. Ta daina kashewa, amma tana koya wa jiki yadda zai kare kansa. A 1937 suka fitar da sakamakon, aka sa wa allurar suna 17D. Theiler ya karɓi kyautar Nobel a 1951. Duk allurar shawara da ake yi a duniya yau jikanyar wancan jini ce. Alhaji, abin da aka tsira maka a dantse kafin ka hau jirgi a Ikeja, silsilarsa tana komawa ga wani talaka da ya kwanta zazzaɓi a ƙauyen Gana a 1927.

A da katin shekara goma yake yi a sabunta. Bincike ya ci gaba, aka gano allura ɗaya ta isa mutum iya rayuwarsa, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da ƙa'idar haka.

Wurin da aka bari a Yaba bai mutu ba. Shi ne ya rikiɗa ya zama cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, wadda ake kira NIMR. A Yaba ɗin kuma aka yi ɗakin haɗa allurai na gwamnatin tarayya, inda aka riƙa yin ta agana da ta cizon mahaukacin kare da ta shawara, har ana aika wa maƙwabta. Wajen 1991 aka rufe shi da sunan za a gyara, muka koma sayowa daga waje. Cutar kuma ba ta tafi ko'ina ba. Ta yi ɓarna a yankin Jos a 1969, a Binuwai a 1986, a Oyo a 1987, ta sake ɓullowa a Kwara a 2017, ta taɓa Alƙaleri ta jihar Bauci a 2019. Mai katin bogi ya yi tunani a kan wannan jerin.

Abin da ya faru a Asibitin Zana

Wani zai ce, Malam, kana ta yabon bincike, ka manta da Kano? Ban manta ba, kuma tarihin ba zai cika ba sai da ita.

A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa. Fiye da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya turo ma'aikatansa Asibitin Zana a Kano, suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara kusan 200: rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren sabon, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an yi bayani da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. Aka yi ta shari'a a Najeriya da Amurka, har a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba.

Ko mene ne gaskiyar abin da ya kashe yaran nan, amana ta riga ta karye. Da aka zo 2003 ana raɗe-raɗin cewa an gurɓata allurar shan inna, mutane da yawa suka gaskata nan take, don sun tuna Asibitin Zana. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin a Kano, sai a watan Yulin 2004 aka dawo da shi, da maganin da aka sayo daga Indonesiya. Amma cutar ta riga ta bazu, daga baya ta shiga ƙasashe kusan 20, har da Sudan da Yaman da Indonesiyar kanta. Daga baya Saudiyya ta sa dokar ɗiga wa alhazan Najeriya maganin shan inna, dattijo da furfurarsa ya buɗe baki kamar jariri. Yaran da suka gurgunce a shekarun nan yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu muna ganin su a kan allon taya a gadar Agege da Oshodi.

Yaba da Zana duka jinin mutanenmu aka ɗiba. Ɗaya ya bar mana kariya ta shekara da shekaru, ɗaya ya bar mana tsoron da muka biya da ƙafafun 'ya'yanmu. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan: ranar da ka rage mudu aka gane, ba kai kaɗai ka yi asara ba, duk layinku ne.

Da kuɗin gida ya shigo

Gyaran wannan ɓarna ya ɗauki shekaru, kuma a nan ne gidauniyar ɗan gida ta shigo. Alhaji Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata wanda shi ma ta hanyar goron Gwanja da Ikko ya fara tara jari, ya kafa gidauniyarsa a 1994. A ƙarshen 2012 ita da gidauniyar Bill Gates suka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Kano kan rigakafin yara. Aka yi asusu guda, kowa na zuba kasonsa, da sharaɗin kason gidauniyoyin yana raguwa shekara-shekara, na gwamnati yana ƙaruwa har ta ɗauke nauyin gaba ɗaya. Daga baya aka yi irin ta da Bauci, Borno, Kaduna, Sakkwato da Yobe. Sarakuna da malamai suka shiga, Mai Alfarma Sarkin Musulmi yana gaba.

Abin da mutane suka gani shi ne mata masu akwatin ƙanƙara suna bin gida-gida. Abin da ba su gani ba shi ne aikin ƙididdiga da gwaji da ke bayan matan. Duk yaron da ƙafarsa ta saki, sai a ɗebi bayan-gidansa a kai ɗakin gwaji a Badun ko Maiduguri. Tun 2011 ake ɗibar ruwan manyan kwatocin Kano ana dubawa, don a san ko ƙwayar na yawo a unguwa tun kafin ta kayar da yaro. Aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam aka zana sabuwar taswira, sai ga rugage da ƙauyukan da ba a taɓa kai musu allura ba saboda ba sa cikin tsohuwar takarda. Aka kafa cibiyoyin ko-ta-kwana a Abuja da Kano, inda kullum ake zama a duba alƙaluma a ga ina aka tsallake. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano a 2014 ne, na ƙarshe a Najeriya a Borno a 2016. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka shelanta cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

Ribar wannan jari ta faɗo mana a nan Ikko ta inda ba mu zata ba. Ranar 20 ga Yulin 2014 wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a filin jirgin Ikeja da cutar Ebola a jikinsa. Aka kai shi wani asibiti a Obalende, inda Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita duk da matsin da aka yi mata. A ɗakin gwajin Farfesa Sunday Omilabu da ke Idi-Araba, maƙwabtan 'yan uwanmu na can, aka gano abin da ke jininsa. Nan da nan aka ɗauko mutanen da suka goge a aikin shan inna, Dakta Faisal Shu'aib ya jagoranci cibiyar ko-ta-kwana da aka buɗe a Yaba, gidauniyar Ɗangote ta ba da kusan naira miliyan 153 don tafiyar da ita. Aka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, ana zuwa wurin kowannensu kullum ana auna zafin jikinsa har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Adadevoh. Ranar 20 ga Oktoba aka ce Najeriya ta fita.

Ku tuna yadda muke kwana a ɗaki ɗaya mu shida mu bakwai, yadda muke cusuwa a danfo, yadda tireloli ke tashi daga Mile 12 da mayankar Oko-Oba zuwa kowane gari na Arewa. Da cutar nan ta shigo Zango, da Allah kaɗai Ya san inda za ta tsaya. Ku kuma tuna daren da aka yi ta bugo waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Wasu sun sha har suka rasu. Dare ɗaya, gari ɗaya, ga maganar da aka gwada ga wadda ba a gwada ba.

Namu kason

Abu na farko mai sauƙi ne. Mai tafiya ya je wurin ma'aikatan lafiya na tashar jirgi a yi masa allurar gaske, sau ɗaya ce a rayuwa. Uwa ta kai ɗanta asibitin sha-ka-tafi idan ya cika wata tara, tun 2004 allurar shawara na cikin jerin na yara, kuma kyauta ce. A rufe duro da randa, a kifar da tsofaffin tayoyi.

Na biyu, idan masu bincike suka zo unguwa neman jini ko amsar tambayoyi, kada mu kore su, kada kuma mu miƙa hannu ido rufe. Tun 2007 ƙasar nan na da kundin ƙa'idojin binciken lafiya. Haƙƙinka ne a gaya maka wa ya aiko su, a nuna takardar izinin kwamitin da ya duba aikin, a yi maka bayani da harshen da kake ji, kuma ka ce a'a ba tare da an hana ka magani ba. Ya kamata fadar Sarkin Hausawa da limamai su samu yaranmu masu ilimin lafiya da za su riƙa karanta irin waɗannan takardu kafin a tara jama'a.

Na uku ya shafi masu hali. Mutanenmu ba su da rowa. Ana gina masallatai, ana haƙa rijiyar burtsatse, ana rabon buhuna da azumi, Allah Ya saka. Amma har yau yawancin kuɗin da ake binciken cututtukanmu da su daga waje suke zuwa, mai kuɗi kuwa shi ke zaɓar abin da za a bincika. Ga sikila, wadda babu ƙasar da ta kai mu yawan masu ita. A Asibitin Malam Aminu Kano likitocinmu tare da wata jami'ar Amurka sun gwada, sun nuna cewa ɗan ƙaramin awo na wani magani mai suna hydroxyurea yana kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Likitocin namu ne, yaran namu ne, kuɗin daga Amurka. Malamai sun karantar da mu cewa ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, kuma wakafi ba a kan gini kaɗai ya tsaya ba. Ba sai mutum ya kai Ɗangote ba. Ƙungiyar 'yan goro, ta 'yan canji, ta mahauta, ta masu tirela, kowacce za ta iya ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko yarinya ɗaya daga unguwar nan su karanta aikin ɗakin gwaji har su ƙware. Kuɗin da aka kashe a Yaba a 1925 masu shi sun daɗe a ƙasa, amma ko a bana an yi wa jariran Agege allurar da ta fito daga cikinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu dace. Wassalam.